Ranar da Aka Auna Ƙafar Auta

Ana idar da sallar asuba motarmu ta bar Rano, gari bai gama wayewa ba, raɓa kwance a kan gilashi. Ku da kuka ishe ni da tambayar ina na shiga kwana biyu ban ce uffan ba, to ga labarin. Kano na je, amma ba Kanon Kwari da Sabon Gari da kuka saba ji a bakina ba. Kanon kamfanoni na je, Sharaɗa da Bompai da Challawa, kuma rakiya na yi.

Wanda na raka ƙanina ne, autanmu, shekararsa ashirin da bakwai. Allah ya yi shi da jinkirin fahimta. Abin da wani zai ɗauka a zama ɗaya, shi sai an yi ta maimaita masa, lissafi ba ya zama a kansa, maganarsa kuma gajeruwa ce. Amma ku sake shi a fili ku ga ikon Allah, gudu yake kamar wanda aka aika kiran ungozoma. Shekara uku ke nan yana cikin wata 'yar ƙungiya ta masu irin lalurarsa, wani malamin motsa jiki mai ritaya yana horar da su a filin firamaren da nake koyarwa. Bana aka gayyace su tseren neman gudummawa a Kano, abin da aka tara a saya wa irinsu magani da tabarau da kayan wasa. Sharaɗin ɗaya ne: ranar Asabar likitoci za su duba kowa su buga masa hatimi a kati, wanda katinsa bai cika ba babu shi babu gudu ranar Lahadi. Wata huɗu Auta ya yi yana tare ni a ƙofar makaranta yana tambaya, "Yaya, gobe ce Lahadin?"

Mu goma sha huɗu ne a motar: 'yan wasa tara, kocinsu, mu 'yan rakiya uku, sai direba, wani dattijo da ya rantse ba zai wuce tirela ba ko da tafiyar hawainiya take yi. Ban yi masa ƙorafi ba. Tsakanin Bunkure da Ƙarfi gonakin shinkafa sun yi kore shar, wani farin tururi ya kwanta a kansu, balbelu na tsaye a ciki kamar ba su taka ƙasa ba. Kowa ya zuba ido ta taga, har wata 'yar wasa da bakinta ba ya hutawa. Mun tsaya mun sha koko a bakin hanya. Ƙosai dai kun san halinsa a zamanin nan, kuɗinsa na ƙiba, shi yana ramewa.

Auta na jikin taga, rungume da leda. Sabon kambas ne a ciki, fari mai ratsin shuɗi, ni na sayo masa a makon da ya wuce. Sai da muka hau gadar Tamburawa, kogi ya cika yana tafiya a hankali, sannan ya zare silifas ya zura shi a kan safa. Na ga ya riƙe numfashi yana ɗaure igiyar, ya cije leɓe. Na ce a raina zumuɗi ne.

Sharaɗa muka fara. Ban taɓa ganin dogayen katangu irin na wurin nan ba, ka yi ta tafiya katanga ɗaya ba ta ƙare ba. Ruwan da aka yi jiya ya taru a ramukan titi, sama ta sauko ta kwanta a ciki, motarmu tana taka gajimare tana wucewa. Wasu kamfanonin injinansu na gurnani, warin narkakkiyar roba da ƙamshin biskit suna kokawa a iska. Wasu kuma a rufe suke shekara da shekaru, tsatsa ta ci ƙofa, tumfafiya ta tsiro a inda manyan motoci suke juyawa a da, wani mai gadi ma har ya shuka kuɓewa a harabar. Na tsaya ina kallon wani dogon bututun hayaƙi da tantabaru suka mayar gida, ina tunanin mutanen da suka taɓa cika wurin nan da safe, ko yanzu suna ina.

Da takarda muke tafe da asusun katako, ƙofa ƙofa. Na koyi cewa a Sharaɗa manaja iri biyu ne: wanda bai shigo ba, da wanda yanzun nan ya fita. Sai a wani kamfanin tabarmar roba muka yi dace, muka tarar an tashi hutun rabin rana, mata ma'aikata sun baje a inuwa suna cin ɗanwake. Koci ya yi musu bayani. Babbarsu ta kwance bakin zaninta ta saka abin da Allah ya hore mata, sauran suka bi sahu, babu wadda ta kalli hannun wata. Sannan ta ce ai ba a cinikin biri a sama, a nuna musu gudun. Auta bai jira an ce masa ba. Ya bi tsakanin tabarmin da aka shanya, ja da kore da ruwan ɗorawa, ya je ƙarshen harabar ya dawo, matan suka kaure da guɗa. Da ya tsaya sai ya ɗage ƙafar dama ya tsaya a kan ɗaya. Na yi dariya na ce ga zalɓe. Shi ma ya yi dariya, don duk abin da na yi wa dariya shi ma yana yi.

Daga nan muka ratsa gari zuwa Bompai. Adaidaita sahu sun yi mana rumfa ta ko'ina, direbanmu yana ta ambaton Allah. Mun ci gurasa a mota, mai ƙuli da yaji da albasa, irin wadda ko an kai ta Rano ba ta yin wannan daɗin. Bompai tsohuwa ce, ana gani a jikinta. Manyan bishiyun maina sun yi wa titi laima, tireloli jere direbobinsu na barci a ƙarƙashi, muka wuce hedikwatar 'yan sanda muka karya wani layi na ɗakunan ajiya.

Wani tsohon sito aka ara wa masu duba lafiyar. Faɗinsa ya kai filin ƙwallo, an share shi tas amma ƙamshin riɗi bai bar bangon ba. Kwanon rufin ya huhhuje, hasken rana yana zubowa tsaye tsaye har ƙasa, mutane suna shiga cikin hasken suna fita. 'Yan wasa sun fi ɗari, daga garuruwa daban daban, wasu riƙe da hannun iyayensu, wasu su ne ma ke jan iyayen. Ban taɓa zama a wurin da babu mai juyowa ya sake kallon ƙanina ba sai ranar. Na ji wani nauyi da ban san ina ɗauke da shi ba ya sauka daga wuyana.

Tebur biyar ne, hatimi biyar. A na ido aka nuna masa hotuna daga nesa, ya faɗi kifi, ya faɗi gida, da aka zo kan agwagwa ya ce ta maƙwabtanmu ce. A na kunne aka kifa masa wani abu a ka, ya lumshe ido yana murmushi, duk sanda ya ji ƙara sai ya ɗaga hannu a hankali kamar mai gaida wani a mafarki. Mai duba haƙori ya yi masa faɗan alewa. Jininsa lafiya lau. Duk hatimin da aka buga sai ya kawo mini katin har hanci.

Tebur na biyar na ƙafa ne. Wata ma'aikaciyar jinya ce a wurin, ta manyanta, ba ta da yawan magana. Kafin ta ce komai ta durƙusa ta danna bakin kambas ɗin da babban yatsanta. Auta ya zabura.

"Cire takalmin, ɗana," ta ce.

Ya kalle ni. Na ce, "Cire mana, Auta."

Takalmin ya fito da ƙyar. Safar kuwa ta manne, sai da ta jiƙa ta da ruwa. Ban iya kwatanta muku duk abin da na gani ba. Yatsun sun hau kan juna, farce uku sun yi baƙi, babban yatsan dama ya kumbura, farcen ya nutse cikin nama yana fitar da mugunya. Ta ɗora ƙafar a kan wani allo mai lambobi, ta juya takalmin ta duba ƙasansa.

"Malama, wa yake saya masa takalmi?"

"Ni ce."

"Ƙafarsa arba'in da huɗu ce. Wannan arba'in da biyu ne. Da shi kike zuwa kasuwar?"

Na ce, "A'a. Da tsinke nake zuwa."

Duk wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san tsinken nan. Sallah ta matso, uwa ta zaro tsinken tsintsiya ta gwada a tafin ƙafar yaro, ta karya daidai tsawonta, a ba mai zuwa kasuwa. Haka aka yi mana duka. Bambancin shi ne mu da muka girma sai muka fara zuwa da ƙafafunmu. Auta kuwa, yana ɗan shekara goma sha shida aka je da shi kasuwa, yara suka bi shi da tsokana da jifa har ya ɓace, sai bayan la'asar aka gano shi a ɓoye a bayan rumfar masu gishiri. Ranar Inna ta ce ɗanta ya gama zuwa kasuwa. Ta auna ƙafarsa, ta adana tsinken a cikin adakarta, ƙarƙashin zannuwa. Shekara goma sha ɗaya, duk sanda za a saya masa takalmin sallah ko na gudu, tsinken nan ake ɗauko mini. Idon Inna ya yi rauni. Ni kuma da nake da ido biyu da takardar koyarwa, ban taɓa tsayawa na ce ƙafa tana girma ba. A kanmu Auta yana nan inda muka ajiye shi.

Ma'aikaciyar ta dube shi. "Yana yi maka ciwo?"

"Takalmi ne ai," in ji shi.

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Yaya ce ta saya." Ya ɗan yi tunani, ya ƙara da cewa, "Na kowa ma yana cizo."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Ashe duk shekarun nan ya ɗauka haka takalmi yake, kowa daurewa yake yi, shi ma bari ya daure kamar manya.

Aka kira likita, wata matashiya mai tabarau. Ta wanke yatsan ta naɗe, ta rubuta magani, ta ce ranar Litinin a kai shi asibiti a gyara farcen, kuma babu gudu sai ya warke sarai. Ta miƙo katin ba hatimi. Nan fa halina ya motsa. Na ce likita tseren nan gajere ne, wata huɗu yana jira, ɗazu ma a Sharaɗa ya yi gudu lafiya ƙalau. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Malama, ya daure ya isa haka." Na karɓi takardar maganin. Kunya biyu ta haɗu mini, ta tsinken da ta roƙon.

Auta bai bi zancen ba. Katin yake kallo, yatsansa a kan gidan da babu komai.

"Likita, saura ɗaya," ya ce. Ta ce ta sani. Ya sake miƙa mata, a hankali, da hannu biyu, yadda aka koya masa miƙa wa manya abu. "Saura ɗaya."

A Dakata muka kwana ni da shi, gidan Goggonmu. Ta yi tuwon shinkafa miyar taushe saboda shi, bai kai loma uku ba. Ya zauna a dakalin ƙofar gida har aka kira magariba, yana kallon tireloli suna wucewa, katin a aljihun gabansa.

Lahadi da sassafe muka nufi Challawa, can aka shirya tseren saboda titunan babu kowa ranar hutu. Tun kafin ka ga kamfanonin fata hancinka zai faɗa maka ka iso. Direbanmu ya ce bayan rabin awa za mu daina ji, kuma gaskiyarsa. Wurin yana da wani irin shiru. Ruwan kwatoci yana gudu da launin da ban san sunansa ba, amma can bayan katangu gero ya yi kai, manoman ƙauyukan gefe suna wucewa a kan kekuna da kwandunan yakuwa da tattasai, suna yi mana sannu da zuwa kamar gonarsu muka zo. An ɗaura ƙyallaye a jikin turakun lantarki. Masu kamfanoni sun aiko da ruwan sha da lemo, wasu sun zo da iyalansu, asusai suna zagayawa.

Auta ya zauna a benci a bakin titi, sanye da silifas ɗin mijin Goggo don nasa ya ƙi shiga kan bandeji, amma ya ce sai an maƙala masa lambarsa a ƙirji. Aka maƙala. Da aka busa usur jikinsa ya miƙe da kansa, sai da na riƙe bayan rigarsa. Abokansa suka wuce a guje, wasu suna ɗaga masa hannu, ɗaya ma ya tsaya cak a tsakiyar titi yana kiransa sai da koci ya kora shi. Suka yi nisa suka zama ƙananan ɗigo tsakanin dogayen katangu. Auta ya koma ya zauna, hawaye na zuba, babu sauti. Na yi kuka ni ma, ban ɓoye ba.

Kusa da mu akwai rumfar wani tsohon baduku, wanda yake sayen ragowar fata a kamfanonin yana ɗinka takalma da jakunkuna. Tun ɗazu yana kallonmu ta saman tabaraunsa. Ya tambaye ni abin da ya sami ƙafar, na faɗa masa duka, har tsinken. Bai yi mini faɗa ba, da ya yi ma da na fi jin sauƙi.

"Asusun nan ya wuce ta gabana sau biyu, 'yata, ba ni da abin sakawa," ya ce. "Kawo mini ƙafar. Ita ba a aiko ta, da kanta take zuwa."

Ya shimfiɗa kwali a ƙasa, ya sa Auta ya taka, ya bi gefen ƙafar da fensir a hankali, ya zagaye bandejin ya bar masa fili. Fensirin ya yi masa cakulkuli, dariya ta ƙwace masa a tsakiyar kuka. Ƙafa biyun duka ya zana, ya ce ai ko 'yan biyu kowa da halinsa. Ya zaɓo tafin takalmi a cikin waɗanda ya riga ya yanka, ya rage shi, ya yanko jar fata mai laushi. Aka gama tsere, aka yi jawabai, aka raba kyaututtuka, mu muna rumfar nan muna kallon basilla tana shiga tana fita. Kafin azahar takalmin ya haɗu, buɗaɗɗen baki, yatsu a waje suna shan iska. Na buɗe jaka, tsohon ya ɗaure fuska, na rufe.

Auta ya saka. Ya yi taku uku ya tsaya. Ya je har bakin titi ya dawo, fuskarsa cike da damuwa.

"Baba, wannan ya lalace."

"Subhanallahi. Ina ya lalace?"

"Ba ya cizo."

Tsohon ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga. Sannan ya ce, "Haka ake yin sa, ɗana. Haka na kowa yake."

Mun kamo hanya bayan azahar. A Ƙarfi muka sayi gasasshiyar masara, ban ma tsaya ciniki ba, ni da ake yi wa kirari da taya kaya har mai shi ya yi fushi. Aka fara yayyafi, gonakin shinkafar suka dushe a bayan gilashi, 'yan wasan suka yi barci da lambobin yabonsu a wuya. Auta bai runtsa ba. Ya miƙe ƙafafunsa a tsakanin kujeru yana motsa yatsun hagu ɗaya bayan ɗaya yana kallonsu. Wajen Bunkure ya tambaye ni ko akwai wata Lahadin. Na ce akwai, in Allah ya kai mu baɗi. Ya ce to.

Mun shiga Rano da la'asar sakaliya. Na zaunar da Inna na faɗa mata. Ta laluba ƙafar da hannunta, yatsa bayan yatsa, ta yi ta salati.

Na tafi Kano ina ganin mu ne masu kai taimako, masu yawo da asusu don a tausaya wa bayin Allah. Na dawo na san cewa ciwon da ya hana ƙanina gudu ba a asibiti ya samo shi ba, ba kuma a wurin yaran da suka jefe shi ba. A hannunmu ya same shi, mu da muke son sa, muka ɓoye shi don kada a cuce shi, muka daina tambayarsa. In kuna da irinsa a gida, ku ciyar da shi ku tufatar da shi, amma don Allah ku riƙa tambaya, ku kuma jira amsar ko za ta daɗe.

Ina zaune a kan turmi a tsakar gida, ko mayafi ban cire ba, sai ga Auta ya zo ya durƙusa a gabana. Ya sa babban yatsansa ya danna bakin takalmina sau-ciki, na zuwa unguwa.

"Yaya, naki yana cizo?"

Na ce a'a. Ya sake dannawa, ya ɗago ya kalle ni.

"Ki faɗa. Ba zan yi fushi ba."

Gaskiyar ita ce tun Sharaɗa yake matse ni. Na ce, "Yana yi, Auta. Kaɗan."

"To cire," ya ce.

Na cire. Ya ɗauke su ya kai bayan ƙofa ya ajiye, ya dawo ya zauna kusa da ni.